Mutumin da Ya Sayar da Dashen Mangwaro Goma Sha Biyu

Akwai wani mutum mai gona biyu da rumbu uku, wanda wata ranar Laraba da hantsi autarsa ta tsaya a kansa tana tambayarsa, karo na uku ke nan, ina ya kai dashen mangwaronta.

"Naki ko nawa?" in ji shi. Yana zaune a kan tabarma a ɗakin ajiyarsa, ya miƙe ƙafa, yana gyara kuɗi a kan cinyarsa. "Ba ran Lahadi kika ba ni a gaban ikilisiya duka ba? Har tafi aka yi miki."

Yarinyar, Afiniki sunanta, shekarunta sha shida, ta ce e ta ba shi, amma ai don ya dasa ta ba shi. Ya ce wanda ya ba ka akuya ba ya bin ka gida ya nuna maka turken da za ka ɗaure ta. Ta ce mangwaro ba akuya ba ne. Ya ce gaskiya ne, akuya ma ta fi shi hankali, tun da ita wata biyar take yi ta haihu, shi kuwa sai an shekara huɗu ana kallonsa kamar sarki.

Sa'an nan ya gaya mata abin da ya yi, yana murmushi, don shi a ganinsa abin yabo ne. Da sassafe, tana gona, ya jera dashen a kwando ya ɗaure a bayan keke ya kai kasuwa. Wani baƙo mai lambu daga can nesa ya duba ganyen, ya duba ɗaurin, ya saye duka goma sha biyun a kan dubu biyu-biyu, ko ragi bai nema ba. Yanzu haka suna cikin motar masara a bakin kasuwa, in ta cika bayan azahar ta tashi.

Sai ku san wane irin mutum ne wannan, in ba haka ba za ku ɗauka mugu ne, kuma ba mugu ba ne. Ba ya sha, ba ya caca, bai taɓa cin kuɗin kowa ba, baikon da yake bayarwa a coci ba ya fashi. Jari ne kawai ya shiga jininsa. In an yi girbi ba ya sayarwa, sai ma ya ƙara saye ya zuba a rumbu, ya jira damina ta yi tsakiya, lokacin da kowa ke kuka da tsada. In ka ba shi zakara don Kirsimeti, ba za a ji ƙanshinsa a gidan ba, zai musanya shi da kaza. In ka ba shi yadi, sai ka gan shi a jikin wani. Duk abin da ya shigo hannunsa magana ɗaya ce, a bari sai ya haihu. Har mutanen garin suka bar kiran sunansa na baftisma, suka koma ce masa Sai-Ya-Haihu, shi kuma yana amsawa.

A tsakar gidan mutumin nan a dā akwai wani mangwaro. Matarsa Damaris ce ta zo da shi daga garinsu tana amarya, ɗan ƙarami a cikin gwangwani, ta riƙe shi a cinya tun daga mota har ƙofar gida. Babu irinsa a garin. Ba shi da zare, ƙwallonsa siriri kamar harshen wuƙa, in ya nuna tun daga bakin rijiya ake jin ƙanshinsa. A ƙarƙashinsa take tsefe wa Afiniki kai, a nan take ɓarzar masara, a nan kuma aka shimfiɗa tabarmin makoki da ta rasu, shekara uku da suka wuce. Tun ranar ba a ambatar sunanta a gaban mijin. In wani ya yi kuskure ya ambata, sai ya tashi ya ce bari ya duba rumbu.

Bara da damina masu injin yankan katako suka shigo garin. Sai-Ya-Haihu ya kewaya bishiyar sau biyu, ya ce ta tsufa, haihuwarta ta ragu, saiwarta kuma na tsaga katanga. Ya sayar musu da ita, ya karɓi kafin alƙalami, aka sa mako biyu. Afiniki ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ya ce mata ta tara ƙwallayen ta shuka, ai mangwaro mangwaro ne.

To, ba haka ba ne, kuma wannan shi ne abin da shi bai sani ba. In ka shuka ƙwallon irin wannan mangwaro, abin da zai fito wani ne dabam, mai zare, mai tsami, irin na bakin hanya. In kana son ainihinsa, sai ka yanko reshensa ka haɗa da ƙaramin tsiro, ka ɗaure har su kama juna su zama ɗaya. Shi ake kira yi wa mangwaro aure. Afiniki a jikin bangon shagon taki ta gani, wata takarda da malamin gona ya manna, mai zane-zane. Kwana uku tana zuwa tana karantawa a tsaye, mai shagon yana tambayarta ko sayen bangon za ta yi.

Ta je bola ta tono tsiron ƙwallayen da yara suka zubar, ta zuba su a ledojin ruwa. Ta sayi reza. Ana gobe masu inji za su zo, ta hau bishiyar ta yanko 'yan rassa masu ido, ta zauna ta yi wa talatin aure, tana ɗaurewa da leda da ta yayyanka siri-siri. Yatsunta uku ta yanka. Goma sha takwas suka bushe, goma sha biyu suka kama. Ta ɓoye su a bayan ɗakin Gwaggo Keziya, yayar babanta, wadda ke zaune a gidan tun mutuwar nata mijin. Rani guda cur tana ɗebo musu ruwa daga rijiya safe da yamma, tana korar awaki, tana kare su da tsohon asabari. Bishiyar kuwa aka sare, aka loda a mota. Katako biyu kawai mutumin ya rage a cikin cinikin, ya yi wa ɗakin ajiyarsa ƙyaure da su.

Da Lahadin iyaye maza ta gabato, 'yan matan coci suna ta shawara, wannan hula za ta saya, wannan takalmi, wannan sabulu mai ƙanshi. Afiniki ta san hula ba za ta kwana uku a kan babanta ba. Sai ta ce a ranta, mutumin da ba ya son komai sai abin da ke haihuwa, ai abin da ke haihuwa za a ba shi. Ta kawo dashen a faranti biyu har gaban bagadi. Da yake ba za ta iya faɗin sunan Mama a gabansa ba, sai ta rubuta a takarda, sau huɗu tana sake rubutun don kada a sami kuskure, ta ninke ta sa masa a hannu. Ya ce tabaransa na gida, ya cusa a aljihu. Litinin da Talata ta haƙa rami goma sha biyu a gonar bakin rafi. Laraba da sassafe ta je zuba taki a ramukan, ta dawo ta tarar da shacin ledoji kawai a ƙasa.

Shi ya sa take tsaye a kansa, hannunta duk taki.

Ta ce ya ba ta kuɗin ta ruga kasuwa ta karɓo su tun motar ba ta tashi ba. Ya dube ta kamar ta ce ya cinna wa rumbu wuta. Ya ce ciniki ya faɗa. Shekara talatin yana cin kasuwar nan, ba a taɓa jin Sai-Ya-Haihu ya sallama kaya sa'an nan ya dawo yana sosa ƙeya ba, kuma ba yau za a fara ji ba. Ban da haka ma, in ji shi, duk wanda ya koma sayen abin da ya sayar, da tsada zai saye shi, wannan ko yaro ya sani.

Gwaggo Keziya tana bakin ƙofa tana tsince wake a faifai. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Ɗan'uwa, ni dai ka faɗa mini ranar da za ka kai ni kasuwar, in yi wanka."

Ya ce ita wa zai taya, ga ci ga surutu. Ya juyo wurin 'yarsa ya sassauta murya, ya kira ta Auta, ya ce ta zauna ya koya mata abin da ba a koyarwa a makaranta. Ya ware dubu takwas ya ajiye a gefen tabarma, ya ce rabonta ne, ladan ban ruwa. Sauran zai sa a waken suya, ya ɓoye zuwa watan takwas, in ya tashi ya juya shi a gyaɗa. Kafin shekara huɗun da take magana, kuɗin nan ya haihu ya yi jikoki. In kuma mangwaro take so dole, zai saya mata dashe ashirin a lokacin, ba sha biyu ba.

Afiniki ta ce ba ta son ashirin, ba ta son ɗari, waɗannan take so.

Ya ce ba ta gane ba ne, bari ta gani da idonta. Ya laluba aljihu ya fito da wata takarda, ya warware ta a kan gwiwarsa. Bayanta cike da lissafi da fensir, layi bisa layi, waken suya, gyaɗa, kuɗin buhu, kuɗin maganin ƙwari. Ya sa yatsa yana bi yana yi mata bayani.

Ita ba lissafin take kallo ba. Ninkin takardar take kallo, don ita ta ninke ta.

"Baba, ka karanta ɗaya gefen?"

Ya ce wane gefe. Ta fizge takardar, abin da ba ta taɓa yi masa ba tun da aka haife ta, ta juya ta, ta karanta da ƙarfi, ba ta yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba.

"Baba, waɗannan ba daga kasuwa suke ba. Reshen mangwaron Mama Damaris ne, na yanko kafin a sare, na yi musu aure da hannuna. Babu sauran irinsa ko'ina sai su. Bayan shekara huɗu za su fara haihuwa, kuma ba za su daina ba har jikokinka su tsufa. Kai ka ce kana son abin da ke haihuwa. Mu dasa su tare a bakin rafi, ban ruwa nawa ne."

Gwaggo Keziya ta ajiye faifai. Mutumin ya dubi ƙofa kamar zai ce bari ya duba rumbu, amma 'yarsa ta tare hanya. Ya ɗauki fensirinsa, ya ajiye, ya sake ɗauka. Afiniki tana jira. Kalma ɗaya take jira, ko tashi, ko je ki, ko ma ya kira sunan matarsa sau ɗaya. Bakinsa ya motsa, ya motsa, can sai ga abin da ya fito.

"Ashe shi ya sa bai nemi ragi ba. Da na san irin na uwarki ne, ai da dubu biyar-biyar zan ce."

Ma'anar wannan misali ita ce, kuma ku saurara da kyau, don na ga wasu sun fara dariya, ba abin dariya ba ne.

Mutumin nan mu ne, duk wanda a cikinmu in aka miƙa masa abu sai ya juya shi yana neman farashinsa kafin ya dubi fuskar mai bayarwa. Dashen goma sha biyu su ne abubuwan da Allah ya sa a hannunmu waɗanda babu na biyunsu: uwa, uba, 'ya'ya, lafiyar jiki, ranar hutu, mutumin da ya yi rani guda yana ɗebo ruwa saboda kai. Takardar ita ce maganar da ke zuwa tare da kowace kyauta. Ubangiji bai taɓa ba mu abu hannu sake ba, kullum da bayani a jiki, ga abin da na ba ka, ga dalilin da ya sa na ba ka. Mu kuwa sai mu ce tabaranmu na gida, mu juya bayan takardar mu hau lissafi.

Kada wani ya fita daga nan ya ce an koyar a coci cewa ajiya zunubi ne. Ba a ce ba. Wanda ya cinye irinsa da rani, da damina zai yi kuka. Ku yi asusu, ku shiga adashi, ku sayi akuya, ku koyi juya kuɗi, musamman mu mata, don kada kullum mu tsaya muna miƙa hannu. Rumbun mutumin nan uku ba su ne laifinsa ba. Laifinsa shi ne awo ɗaya gare shi, da shi yake auna waken suya, da shi yake auna abin da matarsa ta riƙo a cinya.

Ku kuma lura da abin kunyar. Mutumin da gari duka ke kira Sai-Ya-Haihu, shi ne ya kasa barin abu ya haihu. Jari mafi kyau da aka taɓa sa masa a hannu, wanda ƙwari ba sa ci a buhu, wanda zai ciyar da gidan shekara arba'in, kwana uku ya yi da shi ya sayar. Saboda me? Saboda shekara huɗu ta yi masa nisa, kuɗi kuwa ana jin su a aljihu yau. Yawancin masu cewa suna tanadi don gobe, in ka duba da kyau, ba goben suke so ba, ƙirgar suke so. Haka muke yi da Allah. Ya ce ka dasa gaskiya, ka dasa haƙuri, ka jira. Sai wani baƙo ya tsaya da mota a bakin kasuwa ya ce dubu biyu, mu ce mun sallama.

Ku iyaye maza da aka tafa muku ran Lahadi, kun sha hula kun sha takalmi, ina takardun da aka haɗo muku da su? Wa ya karanta? Wa ya tambayi ɗansa, wannan abin a ina ka samo, kwana nawa ka yi kana tarawa? Kuna cewa don mu kuke wahala, mun ji, mun gode. Amma in duk abin da muka kawo muku sai ya bi ta kasuwa kafin ku san darajarsa, wata rana za mu daina kawowa, ku zauna da rumbunanku a cike, babu mai sallama a ƙofa.

Mu kuma yara, namu darasin ya fi zafi. Wata maganar ba a ninke ta a takarda. In abu yana da muhimmanci, buɗe baki ka faɗa, ko da babba zai tashi ya ce zai duba rumbu. Shiru na shekara uku ne ya sayar da dashen nan, ba keke ba.

Wani zai ce, to ai yarinyar ma ta yi rashin kunya, ta fizge takarda a hannun mahaifinta. Ban ce ta yi daidai ba. Amma wanda ya fi jin zafin fizgar takarda a kan sayar da dashen, shi ma ya je ya nemo tabaransa.

Afiniki dai ta dubi babanta. Zuciyarta ta riga ta hau, ba ta da wurin ajiye tausayi. Ta sunkuya ta kwashi dubu takwas ɗin da ya kira rabonta. In baƙon ya ninka kuɗi, dashe biyu za ta samu, in ya ga hawaye wataƙila ɗaya. Ɗaya ma ya isa, dashe ɗaya ai shi Mama ta zo da shi. Gwaggo Keziya ta kwance bakin zaninta ta cusa mata abin da ke ciki, ba ta ƙirga ba. Rana ta kusa tsakiya, kasuwa kuwa tafiyar awa guda ce a ƙafa.

Ta kai bakin ƙofa ke nan ya yi magana, kansa a sunkuye, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Auta. Ɗauki keken. In kin je ki wanke fuskarki tukuna, ki taya da rabi. Kada ki bari baƙon ya gane kina so."

"Ya riga ya gane, Baba. Kai kaɗai ne ba ka gane ba."

Ta kama ƙyauren nan na katakon mangwaro da hannu biyu, ta buga shi har ƙasa ta zubo daga jikin bango a kan lissafinsa, ta ja keken ta fita.